Tafkinmu a Akwatin Gilashi

Ban taɓa yin aikin da ya ba ni wahala irin akwatin kifin nan ba. Sama da shekara ashirin ina yankan gilashi ina haɗa tagogin alminiyam a Tambuwal. Na hau bene da gilashi a kafaɗa, na yanke a hannu har aka yi mini ɗinki, amma ban ji jiki kamar yadda na ji a daminar da na yi ina fama da laka da ruwa da kifin da bai kai ɗan yatsana ba. Kuma ba wanda ya sa ni, ni na jawo wa kaina.

Saboda Baba na yi. A bazarar shekarar ya faɗi yana sharar gona, can ƙauyenmu bayan Kebbe, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Aka kawo shi asibiti nan Tambuwal. Da aka sallame shi likita ya ce kowace Alhamis a dawo da shi a auna jininsa, a motsa masa hannu da ƙafa, ya ce in aka yi sake ƙafar ta tafi ke nan. Daga ƙauyenmu ba mai iya wannan zirga-zirga da mara lafiya, balle ga damina tafe. Sai na share ɗakin da ke jikin zaure na sa masa katifa, na ce nan zai zauna.

Bai yi mini gardama ba, ya dai juya fuskarsa bango. Ni ne ɗansa na fari, don haka tun da nake bai taɓa kiran sunana ba, "kai" yake ce mini. Kullum na shiga gaishe shi da safe maganar ɗaya ce.

"Kai. Yaushe za mu gida?"

"Baba, sai likita ya ce."

"Likita shi yah haife ni?"

Daga nan ba zai ƙara cewa uffan ba sai gobe. Maiɗakina ta yi tuwo, ta dama fura, ta yi kunun tsamiya, ya ci loma biyu ya ture. Ina kallon mutum yana ƙarewa a cikin gidana.

Na san abin da ke ransa. Bayan ƙauyenmu akwai tafki, ba wani babba ba, giyayya ta kewaye shi ta gabas. Nan ya shayar da shanun kakanmu yana yaro, gefensa yake noman shinkafa, in ruwa ya ja baya aka yi su, wato kamun kifi na gayya, shi ne a gaba da homarsa. Ko da ya tsufa, in ya sallame la'asar can yake zuwa ya zauna har rana ta yi ja. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce in ana neman sa kar a wahala, a tambayi kwaɗi.

Cikin wannan hali na samu aikin tagogi a gidan wani mai hali a Sakkwato. A falonsa na ga akwatin gilashi cike da ruwa, kifi na yawo ciki, da fitila da furen roba. Ni abin da ya fara jan idona haɗin gilashin ne, don sana'ata ce. Ranar kuwa mai kula da shi ya zo, wani mutumin Kudu da ya daɗe a Sakkwato har Hausa ta zauna bakinsa, shi ke sayar da irin waɗannan kifaye. Na tambaye shi, ya ga ina so, sai ya ciro waya ya nuna mini wani iri daban. Wannan ba furen roba. Ya ce akwai masu zaɓar rafi ɗaya ko tafki ɗaya su kwaikwaye shi, su ɗebo yashinsa da ciyawarsa da itacensa su shirya cikin gilashi yadda yake a can. Ya ce in ciyawa ta kama sosai ko inji ba a buƙata, ita ke gyara ruwan, wanda ya dace da mu da wuta ba ta zama.

Ina cikin mota ina dawowa abin ya shiga kaina. Na ce tunda ba zan kai Baba tafki ba, bari in kawo masa tafkin.

Ina da ragowar gilashi mai kauri na ƙofar wani shago. Na yanka, tsawo kamu biyu, na haɗa da gam ɗin silikon. Gaggawa ta sa washegari na cika shi da ruwa don gwaji. Kafin azahar shagona ya zama fadama. Na kankare gam ɗin kaf da reza, kwana biyu ina yi, yatsuna duk suka tsattsage. Na sake haɗawa, wannan karon na bar shi mako guda har tsamin gam ya fita. Ya riƙe. Maƙwabcina mai walda ya yi mini teburin ƙarfe, muka kai ɗakin Baba muka ajiye jikin taga, inda haske ke shigowa amma rana ba ta bugawa. Baba ya dubi akwatin sau ɗaya ya ce, "Mi na na, makara ta gilashi?" Ya koma ya fuskanci bangonsa.

Sai tafiya ƙauye. Wanda ya san hanyar Kebbe da damina ba sai na gaya masa ba. Na ɗaure jarka biyu da buhuna a babur. Sau biyu na faɗi a tafiya, sau ɗaya a dawowa, salansar babur ɗin ta ƙone ni a ƙwauri, tabon na nan har yau. A bakin tafki na naɗe wando na shiga, na kwashi baƙar laka, na ɗebi yashin gefe, na ciro ƙananan bado da saiwarsu, na kwaso kainuwa, da wata ciyawa mai laushi da ke kwance ƙarƙashin ruwa wadda ban san sunanta ba. Na kuma saro guntun saiwar giyayya da ta daɗe cikin ruwa har ta yi baƙi. Masu wucewa gona suka tsaya suna kallona. Wani abokin wasana ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku fito, ɗan birni ya zo satar tafki! In ka gama ka dawo ka ɗauki kwaɗin, su ma sun gaji da mu."

Da na iso gida maiɗakina ta tsaya bakin zaure ta riƙe ƙugu.

"Malam, mutane na fitar da laka daga ɗaki, kai kana shigowa da ita?"

"Magani ce."

"To Allah ya ba da lafiya. Amma ba ni za ni goge ba."

Ita ta goge. Har yau tana tuna mini.

Na zuba laka da yashi na kwarara ruwa a kai, abu ya koma kamar kunun kanwa, ko hannunka ba ka gani ciki. Kwana uku bai kwanta ba. Na kira mai kifin nan na Sakkwato, ya yi dariya har da tari. Ya ce laka a ƙasa, yashi ya rufe ta da kauri, sannan a kife faranti a zuba ruwa kansa a hankali. Ya ce kuma kar in sa kifi sai ciyawa ta kama, mako biyu ko uku. Abu na ƙarshe da ya ce, kuma ya faɗa sau biyu, shi ne kar sabulu ya kusanci akwatin nan ko da wasa. Na kwashe komai na sake daga farko.

Ina durƙushe ina dasa bado a gefen gaba, sai na ji murya a bayana.

"Ba nan shika tsira ba. Kai shi wurin zurfi."

Na waiwaya. Baba ya juyo, ya tokare da hannunsa mai lafiya yana kallo. Ban nuna na yi mamaki ba, na mayar da bado baya. Na ɗauki kainuwa zan cusa saiwarta cikin yashi.

"Kai, wa yag gaya maka ana dasa kainuwa? Dashen Allah ta. Sake ta bisa ruwa."

Na sake ta. Da na ɗauko saiwar giyayya ya ce in miƙo masa. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Ta gabas ce, kusa da inda shanu ka sauka." Can kuwa na saro ta. Ranar ya shanye furarsa tas.

Mai kifin ya ce masu yin abin da gaske, kifin ma na wannan ruwan suke sawa. Na so in yi haka. Na sake komawa aka kamo mini 'yan ƙananan karfasa da tarwaɗa guda. Kwana biyu karfasan suka tone yashi suka tumɓuke duk abin da na dasa, tarwaɗar kuma muka same ta ƙasa bayan katifa ta bushe. Baba ya ce ai da na tambaye shi, kifin tafki ba ya zaman ɗaki, shi ma da ya zauna ƙafa ce ta ci amanarsa. Na gyara akwatin karo na uku.

Daga nan mai kifin ya ce in zo ya ba ni wasu ƙanana masu haƙuri da zafi, ba sa tono, ba sa cin ciyawa. Na je Sakkwato na karɓo su cikin leda, na rungume a cinya cikin mota, na rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Mata fuɗu, maza biyu. Mazan 'yan firit ne da wutsiya mai launi kamar an tsoma a rini, matan sun ɗan fi girma, launin toka. Ya ce ba na ruwanmu ba ne, daga wata ƙasa aka kawo irinsu. Ya kuma ce ba sa yin ƙwai, haihuwa suke yi kamar akuya. Waɗanda ya ba ni ba su gama girma ba, in ba su wata guda ko fiye.

Baba ya daɗe yana kallon su, sannan ya ce, "Wanga kifi na ko ƙwaro?"

"Kifi ne, Baba. Baƙi ne. Wai haihuwa suke, ba sa ƙwai."

Ya yi dariya. Tun da ya faɗi ban ji dariyarsa ba, da rabin baki ya yi ta, har miyau ya zubo na goge masa.

"An cuce ka. Cikin kifin da nif fasa ya fi gashin da yar rage bisa kanka, ban taɓa ganin ɗa ciki ba. Kifi ƙwai shika yi."

"Mutumin ya rantse."

"Mai saye da sayarwa? To ba ni zuwa ko'ina sai na ga ƙarshen ƙaryar ga da idona."

Daga ranar bai ƙara tambayata yaushe za mu gida ba. Gaskiya zan faɗa, har addu'a na riƙa yi kar su haihu da wuri, don kowane mako da ya wuce Alhamis ɗaya ce a asibiti. Kuma ƙafar ta fara jin magana. Yakan ja jiki ya kama teburin ƙarfen ya miƙe, don ya leƙa ruwan ta sama. Likita ya ce in aka ci gaba haka wata uku, zai taka da sanda.

Shi ya zama mai kiwon. Bayan gida akwai tsohuwar tukunya da ruwan sama ke taruwa, tsutsar sauro ta cika ta. Kowace safiya maiɗakina za ta ɗebo da ludayi ta kai masa, shi zai zuba, yana yi wa kifin faɗa don wani namiji ya cika zalama. Masu zuwa dubiya kowa sai ya so ya jefa ɓarɓashin wani abu, ƙuli ko gurasa, don an ga mai rai a gida ba a ba shi komai ba. Baba ya hana. Ya sa sandarsa a gefen katifa, duk wanda ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa masa.

Akwatin kuma ya canza. Kainuwa ta yaɗu ta rufe rabin sama, saiwoyinta na lilo cikin ruwa. Bado ya fitar da ganye. 'Yan katantanwa suka ɓullo ban san daga ina ba. Gansakuka ta kama gilashin baya da gefe, ruwan ya yi launin shayin da bai ji ganye ba. Ɗakin ya ɗauki wani wari na danshi. Ni abin yana damuna, don mai gilashi ba ya iya ganin gilashi da datti ransa ya kwanta. Na ɗauko tsumma sau ɗaya, Baba ya ce in ajiye. Yakan tsoma yatsu ya kai hanci ya ce, "Yanzu ta fara zama ruwa."

Mace ɗaya cikinta ya fito sosai, wani baƙin tabo ya bayyana kusa da wutsiyarta. Mai kifin ya ce alamar ke nan, ta kusa, kuma in bar kainuwar da yawa don 'ya'yan su sami maɓoya, in ba haka ba manyan na cinye su. Baba ya ce kumburi ne, ta ci tsutsa ta yi yawa. Amma ko barcin rana ya daina. In zai yi salla sai ya ce wa maiɗakina, "Ɗiyata, tsaya nan ki duba mini ita."

Ran wata Laraba gwaggona ta zo daga ƙauye, ƙanwar Baba, wadda ke bi masa. Mace ce da ba a mayar mata da magana, ko mahaifiyarmu shakkar ta take. Ta shiga ɗakin da sallama, ba ta kai ga zama ba ta toshe hanci da gyale. Ta gaida ɗan'uwanta, sannan ta fito ta same ni a zaure.

"Kai, zo nan. Abin da anka gaya mini ashe gaskiya na. Ka ɗauko ɗan'uwana daga ɗakinai ka aje shi bakin kwata?"

"Gwaggo, ba kwata ba ce, ruwan tafkinmu ne."

"Tafki cikin ɗaki? Randar gidanka haka taka? Kai da ka gyara gilashin mutane shina ƙyalli, na ubanka awa bayan makewayi. Jibi Juma'a liman da dattawan gari za su yi mota su zo dubiya. Haka za su ishe shi? Su koma su ce mi?"

Daga ciki Baba ya yi magana, na ji ya ce a bar masa abinsa, ita ba ta san komi ba. Amma harshensa bai gama sakewa ba, ita kuma muryarta ta fi tasa, ta bi ta kai. Ni na ji shi sarai. Ba zan ce ban ji ba.

Maganar liman da dattawa ce ta tsaya mini a wuya. Mutanen nan su suka ga tashina. Dama ana cewa na riƙe tsoho a birni ba da son ransa ba. Na ga yadda za su zauna kan tabarma suna satar kallon koren gilashi, ba mai cewa komai, sai an shiga mota.

Washegari Alhamis, ranar asibiti. Kullum ni ke kai shi. Ranar na ce ina da aiki, na kira mai keke Napep, maiɗakina da gwaggo suka tafi da shi. Da ana fitar da shi sai da ya sa aka tsaya ya ƙara leƙa macen kifin nan mai ciki, ya ce mata, "Ki jira ni."

Wallahi niyyata in goge gilashin gaba kawai. Na goge, sai gefen ya fi muni. Na goge gefen, gansakuka ta tashi ta cika ruwan. Daga nan hannu ya ƙwace mini. Na ce bari in yi masa wankin randa gaba ɗaya, in ya so in mayar da komai kafin su dawo. Na kwashe kifin na zuba a robar wanki da ɗan ruwansu, na ajiye inuwar katanga. Na tumɓuke bado da ciyawa, na watsa kainuwa kan bola don ita ta fi kawo duhu. Na kwashe laka na zubar bayan gida. Na wanke yashi har ya yi fari. Na jawo akwatin tsakar gida, na zuba garin sabulu na sa soso na dirje shi ciki da waje. Maganar mai kifin ta faɗo mini a rai, na ce ai ko kofin shan ruwa da sabulu ake wankewa, in an ɗauraye sau uku shi ke nan. Ban neme shi ba don na san abin da zai ce.

Ina cikin ɗauraya na je ɗaukar bokiti, idona ya faɗa cikin robar. Mai cikin ta ware gefe ɗaya, ta tsaya cik, jikinta na rawa. Na durƙusa. Sai ga wani ɗan abu ya faɗo daga ƙarƙashinta, a naɗe, bai fi ƙwayar gero ba. Kafin ya kai ƙasan robar ya warware, ido biyu da wutsiya, ya yi fit ya yi iyo. Na ce la'ilaha illallahu. Wani ya sake fitowa. Sai wani.

Ina nan durƙushe da kumfa har gwiwar hannu, ni kaɗai a gidan. Wayata na wurin mai caji a bakin titi, ko hoto ba halin ɗauka. Ina kallo namijin nan mai zalama ya zo ya haɗiye na farko. Sauran suka taso. Roba fayau, ba inda ɗa zai ɓuya. Na ruga bola na ɗauko kainuwa, rana ta riga ta dafa ta, ga toka ta ɓata ta. Na ɗauraye hannu na riƙa kamfato 'ya'yan da murfin jarka, na tsirar da uku ko fuɗu. Ita kuma ta ci gaba da haihuwa ana cinyewa har cikinta ya saɓe.

Da na san abin da nake yi, da na bar su a robar nan na tura a dawo da Baba ko 'ya'yan ya gani. Sai tsoro ya kama ni, na ce in gama kafin su iso. Na mayar da akwatin, na shimfiɗa farin yashi, na tsayar da mai ruwa ya juye mini na burtsatse har ya cika. Saiwar giyayya ta sha sabulu tana ta fitar da kumfa, na jefa ta kan rufin kaji. Na zuba kifin, na zuba 'ya'yan. Kafin in gama goge ƙasa ba ɗa ko ɗaya.

Akwatin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Yana ƙyalli kamar na gidan mai halin nan. Gwaggo na shigowa ta ce, "Yauwa, ko kai fa! Yanzu ka yi abin mutane." Maiɗakina ta dube ni. Muka kwantar da Baba. Ya daɗe yana kallon gilashin. Ya miƙa hannu, na ɗaga shi, ya tsoma yatsu ya shinshina, ya goge a rigarsa. Ya ce a kwantar da shi.

Kafin la'asar kifin duk sun taso sama suna buɗe baki. Na karɓo waya na kira mai kifin, ya ce in canza ruwa maza, in nemo tsohon ruwansu. Tsohon ruwa yana cikin ƙasar bayan gida. Na canza da na rijiyar maƙwabta, bai hana komai ba. Mazan suka fara kifewa. Ana kiran magariba ta ƙarshe ta daina motsi, mai haihuwar ce.

Da na dawo masallaci na shiga da ludayi zan kwashe su. Gwaggo na cikin gida wurin tuwo. Baba yana kwance, idonsa biyu.

"Kai."

"Na'am, Baba."

"Na ga cikinta ya saɓe. Ta haihu?"

Da na ce masa a'a, kumburi ne ya sace kamar yadda ya faɗa, da ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda. Ban iya ba.

"Ta haihu."

"Kai ka gani?"

"Na gani."

"Da rai sunka fito?"

"Da rai. Suna fitowa suna iyo."

Can ya ce, "Ikon Allah. Ashe mutumin bai yi ƙarya ba." Ya sa na kwatanta masa girmansu, na nuna a bakin farce. Ya tambaya ta kai suke fitowa ko ta wutsiya, na ce a naɗe suke fitowa. Ya gyaɗa kai. Bai tambaye ni don me na wanke ba, bai kuma zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na ce, "Baba, gobe-goben nan zan koma in ɗebo wata lakar. Na riga na san yadda ake yi yanzu. Wata biyu ya ishe ni, za ka gani da idonka."

Ya ce, "Wata biyun suna aljihunka ka ba ni?"

Na ajiye ludayin a gefen akwatin.

Ya ce, "Gero ya kusa yanka. Gobe ka kai ni gida."

Na kawo maganar likita, na kawo maganar ƙafa. Ya ce ya ji, ya gode, Allah ya yi mini albarka, gobe in kai shi gida. Na kira maiɗakina ta roƙe shi, don yana jin maganarta fiye da tawa. Ya ce mata, "Ɗiyata, kin yi ƙoƙari. Zaman ya ƙare." Gwaggo da ta ji, cewa ta yi dama can ya fi masa.

Bai taka da sandar ba. Daga ƙauye sau biyu kawai na iya kawo shi asibiti, hanyar ta fi ƙarfinsa, ƙafar ta koma yadda take. Bayan an gama kaka da 'yan makonni Allah ya karɓi abinsa. Mutane suna ce mini kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, ban musa ba. Amma ni na san wata ukun da likita ya nema suna hannuna, tsohon da kansa ya ba ni su, na sa soso da sabulu na wanke saboda kar wasu dattawa su yi magana cikin mota. Dattawan da ko gilashin ba su gani ba.

Washegarin daren da kifin suka mutu, ran Juma'ar, ina idar da sallar asuba na kira ƙauye na ce a gaya wa liman kar su wahala da neman mota, mu muna tafe. Na je gidan mai walda na aro tsohuwar motarsa, muka kwance kujerar baya ni da shi, na shimfiɗa katifa. Maiɗakina ta ƙulla magungunansa a leda, ta rubuta a kwali wanda ake sha da safe da wanda ake sha da yamma, ta dama fura ta zuba a jarka. Na goya Baba daga ɗaki zuwa mota, bai fi nauyin tagar ɗaki ɗaya ba. Gwaggo ta shiga gaba. Na tada mota muka kama hanyar Kebbe, ina bin ramuka a hankali don kar ya jijjiga.